Akwatin Kwamiti da Ƙwaurin Abah Engkus

Jiya Talata a wuri biyu na zubar da safiyata: layin mai, da bencin ofishin Kwamitin Tabbatar da Shiru na unguwarmu, nan gefen birnin Bandung. A layin mai dai na fito da lita biyu. A ofis kuwa awa uku na yi ina kallon hoton Mai Girma Uban Shiru, kafin wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce mutumin da nake nema ya tafi ƙasar waje ƙaro ilimi kan rage hayaniya. Su goma sha biyu suka tafi, kowa da iyalinsa. Allah ya sa ilimin ya yi albarka.

Lambar sirri kawai na je nema. Kun san bana Mai Girma ya hana hawa dandamalin bikin unguwa da amfilifaya, wato tsofaffin akwatunan nan masu zafi da muke jona wa jita. A madadinsu Kwamiti ya sayo wani ɗan akwatin zamani, bai fi burodi girma ba, wanda ke kwaikwayon muryar amfilifaya kala ɗari uku. Ka jona jitarka, sauti ya wuce kai tsaye zuwa lasifikan da ke fuskantar jama'a, kai kuma a toshe maka kunne da 'yar waya. Motar da ke yawo da waƙar yabon Mai Girma tun asuba ba ta cikin dokar, domin wannan wayar da kai ne.

Ni ba ƙin ci gaba nake ba. Shekara ashirin ina kaɗa jita a gidajen biki, bayana ya san nauyin tsohon akwati. Kuma ɗan akwatin nan, in an bar ka ka shiga cikinsa, yana jin magana: ka daidaita shi da ƙarfin jitarka, ka rage masa kwalliya, ka ajiye ƙaramar lasifika a bayanka iska ta riƙa dukanka, sai ya bi yatsunka. Amma masanin da Kwamiti ya ɗauko, wato mutumin da na je nema, ya kulle shi da lamba don kada jahilai irinmu su ɓata kayan hukuma. Kafin ya kulle kuma ya murɗa abin yanke ƙara har ƙarshe. Duk sautin da bai kai ihu ba, akwatin ya ɗauke shi a matsayin datti ya haɗiye.

Ceu Popon mai rumfar kofi ta ji ina wannan ƙorafi, ta ce, "To Kang Darsa, mene ne sabo? Wanda ya yi magana a hankali ba a jinsa, sai mai ihu. Ai akwatin nan a ofishinsu aka yaye shi."

Na ce, "Ceu, rufa mana asiri, akwai jama'a."

Ta ce, "Jama'ar me? Duk 'yan shayi ɗaya ne a raba uku. Sha kofinka."

Da don ni ne da ban je ofis ba. Don Abah Engkus na je. Dattijon nan shekara arba'in da ɗaya bai taɓa fashin dandamalin bikin unguwa ba, kuma shi ya koya mini riƙe jita. Kunnensa ya tafi tuntuni, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da yake yi, yana jingina ƙwaurinsa da amfilifayarsa, rawar katakon ta hau ƙafarsa ta gaya masa abin da yatsunsa ke yi. Kiɗansa kuwa duk a lallashi yake. Zai taɓa tsirkiya kamar mai tashin jariri, ya bar sautin ya mutu a hankali, ka ga matan da ke soya bala-bala sun tsaya da matsami a hannu. Yanzu an raba shi da katakon, an ba shi wayar kunnen da ba ta da amfani gare shi, an haɗa shi da akwati mai cinye daidai abin da ya iya. An kuma ce duk makaɗin da bai ci gwajin Kwamiti ba, za a sa mai kibod a gurbinsa.

Na nemi a bar shi ya ajiye tsohon akwatin a ƙarƙashin kujera, a rage shi ƙwarai. Wani Ranka-ya-daɗe mai biro huɗu a aljihu ya ce, "Malam, in muka bar mutum ɗaya ya ji da ƙafa, gobe kowa zai zo da ƙafarsa." Na jinjina wa wannan hangen nesa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Da la'asar aka yi gwajin. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Abah ya taɓa tsirkiya yadda ya saba, bai ga kowa ya motsa ba. Ya sake, shiru. Ya kalle ni, na yi masa alama da hannu ya ƙara ƙarfi. Sai ya shiga dukan jitar, kowace tsirkiya da ƙarfi ɗaya, kamar mai sara itace. Akwati ya buɗe baki. Manyan Kwamiti suka yi ta gyaɗa kai, Mai Girma da kansa ya fara tafi, ya ce wannan ya nuna tsofaffi ma sun rungumi zamani. Aka buga wa Abah hatimi. Ranar Asabar zai hau dandamali karo na arba'in da biyu. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban taɓa jin ya yi kiɗa mai muni irin wannan ba.

A hanya na ɗauko shi a babur, jitar tana tsakaninmu. Da muka tsaya a ƙofar gidansa ya sauka, ya riƙe mini hannu don ya ga bakina da kyau.

"Darsa, ni ban ji komai ba. Yaya kiɗan ya fita?"

Na ce, "Abah, ai ka ga tafin da aka yi."

"Na gani. Ba su na tambaya ba, kai na tambaya."

Na dubi tsohon nan, yatsunsa sun yi ja saboda duka, yana jiran amsata. Ni da nake zama kowane mako ina kiran manya maƙaryata a wannan shafin jarida, na buɗe baki sosai yadda zai karanta, na ce, "Ya yi daɗi, Abah. Kamar kullum."

Ya saki hannuna, ya ce alhamdulillahi, ya shige gida yana murna.

Don haka in Mai Girma yana neman kakakin Kwamiti, a taimaka a miƙa masa sunana. Jiya na gwada aikin, ko ƙifta ido ban yi ba.