Tsoho Ya Cika Saura Yini Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan gidan marigayi Malam Yaƙubu na Madawa, tare da dangi na Sabon Gida da Azarori, suna sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar Tsoho, diskin ajiya na Imrana Yaƙubu. Ya cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, yana bakin aikinshi.

Ga wanda bai san shi ba: ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu, irin wanda ake ɗaura wa ordinata, wato kwamfuta, ya riƙe mata abin da ba ta son mantawa. Ba a san shekarunshi ba. Ya yi ƙuruciya a biro, wato ofishin wani furoje na raya karkara a Keita. Da furoje ya watse, anka jefa shi cikin kwali tare da tsofaffin wayoyi. Imrana ya iske shi a kasuwar Buza, shekarar da ya faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, karo na biyu ya daina zuwa makarantar lise. Mai kayan ya ce matacce ne. Imrana ya kai shi gida, ya ɗaura, ya kara kunne.

Ƙirrr. Tak. Tak.

Inna Takawa, mahaifiyar Imrana, ita ta raɗa mishi suna. Ta ce in yana aiki gunaguni yake ƙasa-ƙasa, kamar dattijon da anka ƙi jin maganarshi a zaure.

Game da sana'ar marigayi. Akwai wata manhaja ta kuɗin intanet, wanda ake kira kirifto. Ba ta da maigida. Mutane daga ƙasashe daban-daban ke gyaranta a fili, kowa na gani. Duk wanda ya kunna ta, sai ta tara mishi tarihin kuɗin tun ranar farko, ta jera shi cikin rumbu. In masu gyara sun taɓa yadda ake zuba kaya a rumbun, sai su nemi masu gwadawa. Imrana na cikinsu. Bai taɓa mallakar ko ƙwayar kuɗin ba. Shi rumbun yake so.

Gwajin ba shi da daɗi. A rushe rumbu, a sake gina shi daga tushe, ana tsakiyar zubi a fizge wuta, a maido, a ga ko zai tashi da hankalinshi. Masu gyaran can suna da sabbin diski marasa murya da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da suke gamawa cikin yini, Tsoho sai ya kwana goma sha biyu kanshi. Jinkirin nan shi ne darajarshi. Ramin da masu gudu ke tsallakewa ba su sani ba, shi sai ya sa ƙafa ciki.

Marigayi mai haƙuri ne. Imrana ya fizge mishi wuta fiye da sau ɗari biyu, da hannunshi, da gangan, bai taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ba ya da ci: fanno ɗaya na wutar sola da tsohon batirin mota sun ishe shi. Bai taɓa cewa ya aje abin da bai aje ba.

Watan jiya anka kawo wani gyara da ke sa rumbu cika da sauri. Kowa ya gwada, kowa ya yaba. A rana ta goma sha biyu, daidai inda kaya ke yin nauyi, Imrana ya fizge wuta ya maido. Tsoho ya tashi ya ce rumbu ya fashe.

Imrana ya rubuta wa masu gyara da Faransancin lise, wayar salula ta juya mishi zuwa Ingilishi. Mutum shida sunka amsa cewa su ba su ga komai ba. Ɗaya ya ce ƙila diskin ne ya ruɗe da tsufa. Mace ɗaya, wadda ke da ikon shigar da gyaran, ta ce ya sake gwajin, ya aiko da takardar da manhaja ke rubutawa da kanta lokacin faɗuwa. Ta farkon Imrana bai aje ba. Ya yi hanzarin sake kunnawa, ta goge. Wannan laifinshi ne, ya sani, ba sai an tuna mishi ba.

Matar ta ce za ta jira har ƙarshen wata. In shaida ba ta zo ba, gyara ya shiga, ya bazu, ya iske duk mai tsohon diski da wuta mai ɗaukewa. Wato irin su Imrana.

Fatsima, yayar Imrana, da ta ji labari ta aje tsintsiya.

"Kai Imrana, wai kai Turawa ke jira? Ai ko akuyar gidan ga ba ta jiran ka da dusa."

Ba'a ce. Amma ta faɗi daidai. Tun da ya bar lise, ba wanda ya taɓa jiran wani abu daga hannunshi sai matar nan, wadda ko fuskarta bai sani ba.

Game da ciwon ajali. Bazara ce. A rana ta tara ta gwaji na biyu jikin Tsoho ya fara zafi. Imrana ya sauko da shi daga tebur, ya aza shi kan bulo biyu kusa da randa, yana yi mishi fifita da kwali. Muryarshi ba ta sake ba. Ƙirrr, tak, tak. Ranar Talata, rana ta goma sha ɗaya, kawu ya aiko daga Sabon Gida: albasa na kwance a rana, ana son hannu a sa ta cikin rudu, bukkar ajiyarta. Ba a ce wa kawu gobe. Imrana ya tsaya bakin ƙofa ya ce:

"Inna, don Allah kada kowa ya taɓa wayar wutar can."

Waya ya ce. Bai ce Tsoho ba.

Ba wanda ya taɓa waya. Inna Takawa ta zo ɗiban ruwa, bayan hannunta ya shafi ƙarfen, ta ji shi kamar murfin tukunya. Ta yi abin da ake yi wa jarkar ruwa, abin da ta yi wa Imrana da kanshi shekarar da zazzaɓi ya so ɗauke shi. Ta jiƙa buhu, ta lulluɓe Tsoho da kyau, ta cusa gefe-gefe. Bayan azahar ta dawo ta ƙara yayyafa mishi, don buhun ya fara bushewa. Ruwan ya bi ta bakin da waya ke shiga.

Imrana ya dawo da warin albasa a hannu. Tana zaune tana tsince wake.

"Sannu da rana, ɗan nan. Tsohon naka jikinshi rau, na lulluɓe maka shi. Je ka taɓa ka ji, ya yi sanyi ƙalau."

Ya taɓa. Ya yi sanyi.

"Na gode, Inna," ya ce.

An yi abin da za a iya. Tsoho ya kwana cikin shinkafa don ta tsotse ruwan. Laraba anka kai shi wurin Nazir mai gyara a tasha, ya buɗe, ya busa, ya ɗaura. Marigayi ya yi magana sau uku, da muryar da ba tashi ba: ƙyat, ƙyat, ƙyat. Nazir ya cire gilashi ya ce, "Abokina, wanga sai haƙuri." Kwana goma sha ɗaya na aiki sun tafi tare da shi, da rabin takardar da anka fara rubutawa.

Ya rasu ya bar ordinata ɗaya mai tsagaggen gilashi, abokiyar zamanshi ta shekara huɗu, wadda har yanzu in an kunna ta sai ta neme shi. Ya bar waya ɗaya, lafiyarta lau. Ya bar ƙane, sabon diski a hannun Shafi'u, abokin Imrana na Urno, wanda ke riƙe da kwafin tarihin duka. Mai sauri ne, ba ya magana, bai taɓa ganin ɓarnar nan ba kuma ba zai gani ba. Ya bar Imrana. Ya bar Inna Takawa, wadda tun Laraba ba ta cin abin kirki, tana cewa da ta sani da ta lulluɓe shi tun da safe.

Game da jana'iza. Ba wanka, ba salla. Ƙarfe ne, mun sani. Za a sa shi cikin gwangwanin madara a rufe shi gindin itacen bedi na tsakar gida gobe Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Imrana zai haƙa da kanshi, ba ya son taimako.

Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya zo gaisuwa, kada ya ambaci buhu gaban Inna. Ba ta karatun boko, kada wani ya yi mata alheri ya karanta mata. In ta tambaya, tsufa ne.

Kada a kawo goro, kada a kawo dabino. Wanda ke da tsohon diski mai ɗaukar terabait ɗaya, jefaffe a kwali ko ƙarƙashin gado, daga nan har Keita, ya zo da shi. Sabo ba ya da amfani. Ana son mai nauyin jiki, mai gunaguni, wanda kowa ya fid da rai da shi. Shafi'u na bisa hanya da kwafin tarihi.

Daga yau zuwa ƙarshen wata kwana goma sha huɗu ne. Gwaji na cin goma sha biyu. Don haka zaman makoki kwana biyu ne, yau da gobe. Na ukun ba namu ba ne.