Yumɓun Hauwa'u a Jikin Rumbu

Ba na jin akwai ranar da zan mance abin da na yi wa jikata Hauwa'u a gidanmu na Paki, shekarar da take gama jami'a.

Aikinta na ƙarshe shi ne gauraya roba da garin yumɓu mai laushin gaske, wai ƙwayoyinsa su jeru cikin robar su tare iska, taya ta daina sacewa. Da ta yi mini bayani sai na gyara zama. Na ce, "Amarya, shekara talatin ina jan tirela. Na yi rigima da masu faci a Agadas da Faransanci, a Njamena da Larabci, ban ga wanda ya tsare iska da laka ba." (Murmushi kawai ta yi, irin na kakarta.)

Sati uku tana fama. Ta ɗebo yumɓu a ramin masu tukwane na Saulawa, ta jiƙa, ta tace da ƙyalle, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe. Buhu guda ya koma kwano ɗaya. Ranar Asabar za ta kai wa malaminta.

Ranar Alhamis ta tafi Makarfi gaida gwaggonta. Da la'asar hadari ya haɗo, na tuna rumbun dawarmu ya tsage. Ina neman ƙasar yaɓe sai ga kwano a zaure, rufe da faifai. Na kwaɓa, na yaɓe tsaf. Har maƙwabci na kira ya ga santsin aikin.

Da ta dawo ta ce, "Alhaji, ina kwanona?"

Na nuna rumbu da haɓa.

Ta je ta shafa yaɓen, ta daɗe a tsaye, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta juyo ta ce, "To angona, iska dai ba za ta taɓa dawar bana ba."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Malamin ya ƙara mata sati uku. Ni na riƙa ɗaukar bokiti zuwa Saulawa, matan ramin suna tambayata ko tukunya zan gina wa Hajiya. Ni na yi tacin, ita tana dubawa tana cewa a sake.

Ta ci jarrabawarta. Ni kuwa yanzu duk abin da na tarar a rufe, ko a ɗakina ne, sai na nemi mai shi tukuna.