Gwarzona Mai Karkataccen Hanci

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da motar silima ta sauka a Matameye ba, kuma bari in gyara zancen tun daga farko: masu cewa Faransanci ne ya gagare ni ba su san komai ba. Faransanci na ji shi tsaf. Fuskar wani bawan Allah ce ta ja mini.

Lokacin cinikin gyaɗa ne, ban daɗe da dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, a Yamai ba, ina zaune a gida ina jiran aiki. Aka kafa farin ƙyalle a bangon wani kanti, sai ga shi muryar mai yi wa masu silimar fassara ta dishe. Mushe Habu (Mushe shi ne Malam a Faransanci), sakataren kumandan Baturen mulki, ya aiko a kira ni. Ya ce in na fassara fim ɗin da kyau, shi zai yi mini maganar aikin tafinta a ɗakin likita. Ko shawara ban yi ba na karɓi bututun magana (haƙuri dai ba a raba da ni ba).

To, a Damagaram da Yamai na sha kallon finafinan kaboyi na Amurka, kuma akwai wani mutum mai karkataccen hanci da ba ya ɓacewa a cikinsu. Yau yana riƙe da linzami, gobe yana tsaye bayan alƙali, jibi yana leƙe ta taga. Sunansa ban sani ba, kuma ban taɓa lura da yadda yake ƙarewa ba. Na dai ɗauka wanda ake gani a kowane taro babban mutum ne. Ana fara fim sai ga shi bisa doki, shi ya fara fitowa.

"Jama'a, ku riƙe wannan!" na ce da ƙarfi. "Shi ne gwarzon. Na san shi!"

Kafin in sauke numfashi aka harbe shi. Ya faɗo tim, dokin ya yi gaba abinsa.

Wani Alhaji mai sayen gyaɗa ya ɗaga murya: "Madmazel, mutumin naki fa ya kwanta dama!"

Mai hankali sai ta yi shiru. Ni kuwa na ce, "Dabara ce, Alhaji, zai tashi." Aka jira. Na ƙara cewa zai tashi. A gabanmu aka haƙa rami aka binne shi, har da dora duwatsu. Daga nan duk abin da na fassara, ko gaisuwa ce, sai fili ya amsa da "Zai tashi!"

Ina cewa abin ya ƙare, can wajen tsakiya sai ga hancin nan ya dawo, an manna masa gemu, yana goge kofuna a gidan shaye-shaye. Gwaggona Ta-Kance ta miƙe daga cikin mata tana tafi.

"Ayyuriri! 'Yar nan ba ta yi ƙarya ba, ya tashi! Amma wanke-wanke ya samu!"

Har Mushe Habu sai da ya rufe fuska da hula. A hanyar gida Gwaggo ta ce, "Ke da karatunki? Wannan ai irin mutanen nan ne da ko suna ko biki sai ka gan su, amma ba a taɓa yin taron dominsu ba."

Na gaji da jin ana kirana "Zai-tashi" a bakin rijiya, na gaji da yi wa mutane bayani. Abin da na koya dai, yawan ganin mutum ba saninsa ba ne. Amma na yi ta tunanin bawan Allahn nan: a kashe shi a gaban duniya, ya kakkaɓe riga, ya je ya karɓi kofuna. Mushe Habu bai sake aikowa ba, ni ma na daina jira. Na yanke cewa ranar kasuwa zan ɗaura zanena in tafi ɗakin likita da ƙafata, in ce ko wankin kwalabe ne a ba ni.