Ranar da na tambayi surukina fitsarinsa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a asibitin Kalgo ba, ko da kuwa mutanen gari sun yi mini alfarmar mantawa (ba su yi ba).

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kawo ni Kalgo, kuma na zo da abin da nake taƙama da shi: kunya. Duk gidan nan da ni ake buga misali. Ban taɓa cin abinci gaban Baba, mahaifin mijina, ba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na gaishe shi, daga durƙushe nake, da wata siririyar murya da ko ni ba na jin ta. (Alhali malamar firamare ce ni, in na daka tsawa a aji uku, 'yan aji shida ma sai sun natsu.)

To sai Baba ya fara ramewa. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, ruwa kuwa kamar ana zuba wa rairayi. Ga wani miki a ƙafarsa da ya ƙi warkewa tun da ƙaya ta soke shi a gona. In an tambaye shi ya ce, "Lahiya lau, tsuhwa ne." Gaskiya na ji tsoro, don na ga yadda irin wannan miki ya ci ƙafar wata gwaggota. Maigida yana Yawuri wurin aiki, ya bugo waya ya ce in kai shi asibiti, kar in jira shi.

Da muka isa, layi ya cika maƙil, har an fito da teburin awo baranda, marasa lafiya na jere a benci suna jin komai. Ma'aikaciyar jinyar wata 'yar Zuru ce mai sanyin murya. Ta auna jininsa, ta duba ƙafar, ta yi masa tambaya sau biyu. Baba ya tallafe kunne, don kunnensa ya yi nauyi shekarun nan.

Ta juyo gare ni. "Ke ce 'yarsa?"

"Surukarsa."

"Yawwa. Tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari kafin gari ya waye."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Sista, babu wani namiji kusa?"

Ta ce, "Mutum nawa kike gani a bayanku? Amsar nan nake buƙata kafin in san gwajin da zan tura shi."

Na durƙusa gefen Baba, na ja mayafi har hanci, na ce a hankali, "Baba, wai... kewayawa... sau nawa?"

"Mi kic ce?"

Na ɗan ƙara. "Wai bayan gida, na ruwa."

"Ruwa? Na sha, ɗiyata, Allah shi yi albarka."

Wani a benci ya yi tari irin na mai danne dariya. Na dubi ƙafar Baba, ƙuda na bin tsumman da ya ɗaure ta da shi. Ban san lokacin da malamar aji uku ta ƙwace daga cikina ba.

"Baba! Sau nawa kake tashi fitsari?"

Wallahi har mai sayar da rake a bakin ƙofa sai da ya waiwayo. Da na ɗaga kai, wa zan gani a benci na biyu? Inna Hajo, maƙwabciyarmu, wadda ko akuya ta haihu can garin Diggi ita ke fara kawo labari. Ta riƙe haɓa tana salati.

Baba kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Shida. Wata rana bakwai." Daga nan baki ya buɗe: ga ƙishirwa, ga ido na hazo, ga tafin ƙafa kamar ba nasa ba. Gwaji ya nuna ciwon suga ne. Aka wanke mikin, aka ba shi magani, aka ce ya rage shayi mai zaƙi, kuma kar ya sake taka gona ba takalmi. Sista ta ce Allah ya taimaka da muka zo yanzu.

A Keke Napep muna komawa gida, na takure a lungu ina ji kamar in yi kuka. Can sai Baba ya yi gyaran murya, ba tare da ya dube ni ba.

"Tun ta farko na jiya."

Na ce, "Na'am?"

"Na jiya sarai. Amma in na amsa ma raɗa, ni ɗai za a yi ma dariya, tsoho da hurhura. Yanzu ko mun raba, ke rabi ni rabi."

Rabon bai yi adalci ba. Shi ƙafarsa ta warke, ya koma masallaci da sandarsa, ana yi masa barka. Ni kuwa har yau in na shiga gidan biki, sai wata ta rufe baki da mayafi ta ce, "Malama, sau nawa?"

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma ba ta warkar da miki. In za ki raka tsoho asibiti, ki bar ta a gida. Kuma in ya ce miki bai ji ba, ki dubi bakinsa tukuna, ko yana murmushi.