Ciyawar da Ta Biyo Jiddo Birni

"Lafiya lau, Injiniya. Ya gajiyar barci? An ce shi ne aikin da gwamnati ta ba ki."

"Da godiya, Jiddo. Gara ni barci nake, ban tashi da sassafe ina binne furannin mutane da ransu ba."

Abu Nayif, wanda jikarsa ke kira Jiddo, wato kaka, ya gyara zama a kujerar roba yadda rigarsa za ta kare rabin lambun. Suna dai lambu, amma ɗan fili ne a ƙofar gidan ɗansa Nayif a birnin Irbid, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Tun da aka sayar da gonar alkama aka kwaso tsohon daga ƙauye, ita ce kaɗai ƙasar da ta rage masa da zai cusa yatsa a ciki. Ita ɗin ma Nayif ya sa mata ido, yana so ya malale ta da siminti ya sami wurin ajiye mota. Da ƙyar ya ba kakan da jikarsa Razan wata biyu: in filin ya yi kyan gani a bar shi, in bai yi ba a kira magini. Yau wa'adin yake cika, in Nayif ya dawo daga aiki.

Da yake ba su taɓa yin shawara ta zo ɗaya ba, sai suka jera duwatsu suka raba filin biyu. Tsohon ya dasa jarbira, furen nan mai faffaɗar fuska, ja da ruwan lemo. Razan kuwa, da takardar digirinta ta injiniyan aikin gona da har yau ba ta fita daga jaka ba, ta je gidan sayar da tsirrai ta kinkimo ciyawar shufan ta ado. Ranar da tsohon ya ga abin a tukunya sai da ya nemi wurin zama. Shekara arba'in yana tuge dangin wannan ciyawa daga cikin alkamarsa, ita ta ci masa baya, ita ta ci masa gwiwa, ga shi yau an ɗauko ta a mota kamar amarya.

"Matsa in gaida marasa lafiya," in ji Razan, ta ajiye masa tiren shayi da burodi da man zaitun.

"Wane marasa lafiya? Dubi nan. Ko a gidan sarki ba a yi irinsu ba."

Gaskiya furannin sun yi kyau, sun ma yi kyau fiye da kima. Goma sha biyu ne a jere, tsayinsu ɗaya, kowanne ya miƙe wuya kamar soja, sai dai babu ganye ko ɗaya a gindinsu. Razan ta ce ita dai shekara huɗu ta yi a jami'a ba ta taɓa ganin shukar da ta mutu ranar Laraba ta tashi ranar Alhamis ba. Ya ce ai shi ya sa ba a ɗauke ta aiki ba. Ta durƙusa ta kama ɗaya da yatsa biyu, ko ja ba ta yi ba ya biyo ta. Ba saiwa, gindin an yanke shi a karkace da almakashi, ga siririyar waya an naɗe masa a wuya yadda masu sayar da fure ke yi.

"Jiddo, wannan a wace gona ake shuka waya?"

"Sabon iri ne. Bayan kin gama makaranta aka fito da shi."

"Har da takardar shagon furen Abu Sayil a aljihunka?"

Tsohon ya dubi aljihu, ya dubi titi ko wani maƙwabci na ji, sannan ya saki jiki. Ya ce to, ta rubuta ta kai wa malamanta: shi Mifleh ɗan Awwad, wanda a ƙauyensu ake zuwa tambayarsa ranar shuka, yau shi ne ya soke fure a ƙasa kamar mai soke tsire, don ya yaudari ɗan da ya haifa. Na ainihin duk sun ruɓe. Ya binne su har wuya yadda ake dasa zaitun, kuma duk ranar da aka sako ruwan unguwa, kafin tankin soro ya cika ya ɗebi bokiti uku ya ɗura musu. Uwar Razan tana ta zargin tankin da yoyo, ashe yoyon da rawani yake yawo.

Razan ta yi dariya har ta zauna a kan duwatsun. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita ma ba gwaninta ta yi ba. Ta zaɓi shufan ne don mai shagon ya rantse mata ba ta mutuwa, ita kuwa ko murtsunguwar da ke tagarta sai da ta kashe. Tun ranar dashe ba ta ba ta ko kofin ruwa ba.

"Ni na kula miki da ita," in ji tsohon. "Sau biyu ina bin ta da lauje kina barci. Na uku na juye mata ragowar shayi da zafinsa."

Suka juya tare suka dubi ciyawar. Ta yi dumu-dumu, shuɗi-shuɗi, kawunanta na rausaya a iska kamar ba a taɓa yi mata komai ba.

Razan ta tambaye shi abin da ya haɗa manomin alkama da jarbira tun farko. Ya daɗe yana juya burodi a cikin mai. Ya ce kakarta Fidda ta taɓa roƙonsa taki ɗaya a gefen gona ta shuka fure, ya ce mata fure ba ya zama garin burodi. Ba ta sake tambaya ba har ta rasu. Abin yana cinsa, kuma yanzu da ya zo biya sai ga shi hannun nasa bai iya komai ba sai alkama. Tsoro yake ji a zuba simintin nan, ya ƙarasa kwanakinsa yana kallon tayar mota.

Razan ta shiga tattara furannin shagon. Da ta kai bakin duwatsun sai ta tsaya, ta ɗaga gefen ciyawar. Ga wata jarbira guda ɗaya a ƙarƙashi, ganyenta kore shar, har ta fitar da toho ja bai buɗe ba. Ita ce ta ƙarshe da tsohon ya dasa, ranar gwiwa ta hana shi haƙa rami sosai, ya ɗora ta sama-sama ya manta da ita. Ciyawar ta kare ta daga rana, ta kuma shanye ruwan da ya yi mata yawa.

"Kenan wadda na yi wa ha'inci ita ta rayu."

"Kuma abokiyar gabarka ta yi maka reno."

Nan take Razan ta ce mafita ɗaya ce: a rarraba gindin shufan a cike ɓangarensa, a bar jarbirar a tsakiya. Tsohon ya ce ya yarda, da sharaɗin kada labari ya kai ƙauye. Haka Abu Nayif ya durƙusa da gwiwar da ciyawar ta lalata, yana dasa ta da hannunsa layi-layi, yana lallaɓa ƙasa a gindinta, yana zaginta ƙasa-ƙasa. Furannin shagon kuwa aka sa su a tulu aka kai wa uwar Razan, a madadin ruwan tanki.

Da la'asar Nayif ya dawo, ya tsaya ya dubi filin, ya dubi ƙasar da ke gwiwar mahaifinsa, sai ya ja motarsa ya ajiye a bakin titi inda ya saba, bai ko ambaci magini ba.

Tsohon ya sauke numfashi, ya nuna ciyawar da haɓa.

"Wasiyya ɗaya zan bar miki, Injiniya. In na mutu kada ki shuka mini wannan a kabari."

"Ba sai an shuka ba, Jiddo. Da kanta za ta zo."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya lalubo tsohon laujen daga ƙarƙashin kujera ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"To riƙe. Ni dai na sha kaye, ke ki gwada."