Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Fuskar Baba Jethro

Ranar Talata ko koko ban sha ba na fita, saboda an ce Mai Girma Uban Manoma, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, zai raba taki, amma sai kowa ya sake rajista. Karo na uku ke nan. Hotona kala biyu yana hannunsu, takin kuwa ko warinsa ban taɓa ji ba.

A layi ina bayan maƙwabcina Baba Jethro, na nan Gangaren Tudu. Mutanen Abuja sun saye gonakin da ke kewaye da tasa sun ja katanga, shi kaɗai ya ƙi sayarwa, yana noman masararsa a tsakiyar gine-gine. Awa huɗu muka yi a rana, yana yi mini alfahari wai tun bikin Ista ya ajiye maganin hawan jini, don ya riga ya warke.

Da layi ya zo kansa, jami'in ɗaukar hoto ya ce, "Baba, yi murmushi."

Ya yi. Ɓarin baki ɗaya ya tafi, ɗaya ya ƙi motsi.

"Baba, ban da wasa. Kwamfuta ta ce ba kai ba ne. Ɗago hannu ka dangwala."

Hannun dama ya ɗan taso, ya faɗo yaraf kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"To faɗi sunanka."

Abin da ya fito daga bakinsa, wallahi ni da muka shekara ashirin katanga ɗaya ban gane ba. Jami'in ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, "Rubuta, manomin bogi. Kuma ya sha burkutu." Jama'a, Baba Jethro fa, dattijon coci, wanda ko lemon kwalba sai an roƙe shi!

Nan take layi ya cika da likitoci. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a shaƙa masa albasa, wata ta ce ta gani a waya ana huda yatsu da allura. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, na fasa ledar ruwa zan ɗura masa, sai na ji an make mini hannu. Mama Mabel ce ta Angwan Iya, tsohuwar nas da ta koma noman rogo.

"Malam, kashe shi za ka yi? Ba ya iya haɗiya, huhu ruwan zai tafi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha ɗaya da kwata."

"Riƙe shi a ka, likita zai tambaya. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ko ɗaya ka gani asibiti ake nufa, ba gida ba, ba kemis ba. Duk mintin da ya wuce ƙwaƙwalwarsa ake ci."

Muka zo ɗaga shi, sai ya ƙanƙame benci da hannun hagu yana nuna layi da ido. Tsoro yake kar a ci masa wuri. Na yi dariya, sai kuma na ji ƙwalla, don na san da ni ne, haka zan yi.

A harabar wurin rajistar kuwa ga motar asibiti sabuwa fil, da hoton Mai Girma ya cika ƙofarta. Na ruga wajen mai gadi.

"Ba a ƙaddamar da ita ba tukuna," in ji shi.

"Sai yaushe?"

"Sai Oga ya dawo daga Abuja."

"Makullin fa?"

"Yana wajen direba."

"Ina direban?"

"Ba a ɗauke shi aiki ba."

Allah ya yi wa Monday mai keke napep albarka. Fasinja uku ya sauke a bakin titi ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Mama Mabel ta kwantar da Baba a kan cinyarta ta gefe, ni na maƙale a gaba ina daka wa 'yan acaɓa tsawa. Muna isa likita ya tambayi lokacin da abin ya fara. Na ce sha ɗaya da kwata, da ƙarfi, kamar ni na ƙirƙiro agogo. Ya ce mun kyauta da ba mu biya ta gida ba, aka tura gadon ciki da gudu.

Kwana huɗu bayan nan na je dubiya. Matarsa Christy na zaune ta zuba wa fuskarsa ido, don tun ranar ba ta ga bakin nan ya daidaita ba. Rediyon wani majinyaci na kunne, sai muka ji sanarwa: wai a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma, an yi wa manoma gwajin lafiya kyauta a wurin rajista, har an ceto ran wani dattijo.

Baba Jethro ya fashe da dariya. Christy ta ƙura masa ido, ta ga ɓarin da ya mutu ya ɗan ɗago, sai ta rufe fuska da zani tana kuka tana "Na gode Yesu."

Don haka Mai Girma, ranka ya daɗe, ba zan ƙaryata sanarwar ba. Ita ce maganin da ya yi aiki. A taimaka a riƙa maimaita ta safe da yamma, akwai sauran majinyata a ɗakin.