Madarar Bayan Kwalabe

Satina biyu da kama aiki a labon gwajin jinin dabbobi a Tawa, na gano gwangwanin madarar gari ɓoye bayan kwalabe. Na ce lallai akwai marowaci cikinmu. Kwana huɗu ina haɗa wa kowa shayi mai kauri a gindin bedi, ina shan godiya.

Ranar da jinin awakin garin Takanamat ya iso, shugabarmu Madam Hadiza ta hau neman gwangwanin. Ashe da madarar ake jiƙa farantin gwaji, don kada wani furotin ya manne sai wanda ke kama ƙwayar cutar da ake nema. Irinta kuma sai Yamai, ga makiyaya suna jira.

Na miƙa mata gwangwanin.

"Malam, mi ka yi da ita?"

"Mun sha, Madam. Ke ma kofi biyu."

Mai gadi ya dafe ciki yana salati. Madam ta ce madara ce zalla, ba mai mutuwa. Ta kankare gindin gwangwanin, cokali biyu suka fito, suka isa cif.

Har yau in gwaji ya yi kyau, sai abokan aiki su ce, "Mai Shayi ya rage muna."